Idan Rumbun Bayanai Ya Fara Yi Wa Mai Rabo Ƙarya

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin a kai tsakiyar shekarar da ta biyo, masu rubuta manhaja a Kano suka fara yi wa kuɗin hayar sabar, wato manyan kwamfutocin da manhaja ke gudana a kai, wani irin kallo. Abin da ake biyan masu ba da hayar sabar na waje, irin su AWS ko Google Cloud ko Azure, a wata bai canja ba a lissafin dala, amma a aljihun mai biya ya ninka sau uku. Shi ya sa yanzu ake yawan jin zancen a sayi manyan sabar biyu ko uku a girke, a yayyanka su zuwa ƙananan kwamfutocin haya, a ba makaranta ɗaya, a ba asibiti ɗaya, a ba mai shago a Farm Centre ɗaya. Kamfanin Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya ma ya gina cibiyar ajiyar bayanai a nan Kano, saboda haka maganar gajimare na gida, wato hayar kwamfuta ta intanet daga sabar da ke nan ƙasar, ta wuce tatsuniya.

Duk wanda ya bi wannan hanya, tambaya guda na jiran sa. Idan abokin ciniki ya ce a ba shi kwamfuta mai furosesa 4 da RAM giga 8 da faifan ajiya giga 100, a kan wace sabar za a ɗora ta? Manhajar da ke yanke wannan hukunci ita ce mai rabo. Kuma mai rabo ba shi da ido. Ba ya leƙa ɗakin sabar, ba ya jin zafin injin. Abin da aka rubuta a rumbun bayanai kaɗai yake karantawa, a kai yake yanke hukunci. In rubutun gaskiya ne, rabo ya tafi daidai. In ƙarya ne, komai ƙwarewar wanda ya tsara dabarar zaɓen, sai an ɗora kaya inda babu wuri.

Ra'ayina a nan shi ne, kowane jadawali da ke cikin rumbu, wato teburin da ake jera bayanai a ciki layi-layi da gurbi-gurbi, da'awa ce game da yadda duniya take. Idan ka ce layi ɗaya na nufin sabar ɗaya, ka yi da'awa. Idan ka sa girman faifai a cikin layin sabar, ka yi da'awar cewa faifan na wannan sabar ne ita kaɗai. Ranar da da'awar ta daina zama gaskiya, rumbun ba ya ƙorafi, shiru yake yi. Masu rubuta manhaja ne za su yi ta liƙa faci a sama don a ɓoye ɓarakar. Gyaran tsarin rumbu, a asalinsa, janye da'awar da ta mutu ne.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a tarihin OpenStack, manhajar gajimare ta kyauta da kamfanin Rackspace da hukumar NASA ta Amurka suka ƙaddamar a 2010. Sashenta mai kula da kwamfutocin haya sunansa Nova, kuma tun da aikin a buɗe yake, kowa na iya bin sawun yadda jadawalansa suka yi ta sauya kama. Cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba na cikin manyan masu amfani da shi, wato ba wasan yara ba ne.

A farkon tsarin Nova akwai jadawali biyu da suka shafe mu. Ɗaya services, inda ake rubuta kowace manhajar da ke gudana da kuma ko tana raye. Ɗayan compute_nodes, inda ake rubuta ƙarfin kowace sabar: furosesa nawa, RAM nawa, faifai nawa, da nawa aka cinye daga kowanne. An ɗaure na biyun da na farkon ta wani gurbi mai suna service_id, bisa tunanin cewa manhaja ɗaya sabar ɗaya take kula da ita. A 2010 wannan gaskiya ne. Sai aka zo da wani sashen OpenStack mai suna Ironic, wanda ke ba abokin ciniki sabar sukutum ba tare da an yanka ta ba, inda manhaja ɗaya za ta iya riƙe injuna masu ɗimbin yawa. Nan take da'awar ɗaya-da-ɗaya ta rushe. Ga kuma wata matsala ta daban: ana son a ware mai rabo ya tsaya da ƙafarsa, amma duk lokacin da zai karanta ƙarfin sabar sai ya ratsa ta jadawalin da ba huruminsa ba. A fitowar OpenStack mai laƙabin Kilo ta Afrilun 2015 (kowace fitowa da laƙabinta) aka kwance wannan igiya, aka sa sunan masaukin, wato injin da manhajar ke gudana a kai, kai tsaye a cikin compute_nodes. Shi kansa gurbin service_id bai ɓace a ranar ba, ya ci gaba da zama a jadawalin shekaru bayan haka. Dalilin zai zo nan gaba.

Wancan ƙaramin gyara ne idan aka gwada shi da babbar cutar, wadda ke cikin gurabun ƙidaya da kansu. Jadawalin yana da vcpus da vcpus_used, memory_mb da memory_mb_used, local_gb da local_gb_used. A ido abu ne mai kyau: ga jimla, ga abin da aka ci, sai a debe. To amma wa ke rubuta adadin abin da aka ci? Kowace sabar ce ke ƙirga na kanta, ta aika, a kai a kai kusan kowane minti ɗaya, da kuma lokacin da aka ɗora mata sabon kaya. Tsakanin lokacin da mai rabo ya zaɓi sabar da lokacin da sabar ta rubuta cewa ta karɓa, akwai tazara. A cikin wannan tazara, mai rabo na biyu, ko ma na farkon da wata buƙatar a hannunsa, zai duba ya ga har yanzu akwai wuri, ya tura wani kayan can. Su biyu su isa tare, ɗaya ya samu, ɗaya a dawo da shi. Maganin da Nova ya daɗe yana sha shi ne sake gwadawa, har sau uku bisa saitin asali, in an gaza a ce babu sabar da ta dace. A gajimaren da ke da sarari sosai ba a cika lura ba. A wanda ya kusa cika, kamar yadda na mai ƙaramin jari kullum yake, nan ne abin ke cizo.

Kuma adadin da aka ci ba ya gaya maka wanda ya ci. Idan ya nuna giga 96, alhali kai lissafinka 80 ne, babu layin da za ka bi ka gano inda 16 suka shiga. Lamba ce kawai da wani ya rubuta.

Sai batun faifai, wanda ya fi ban dariya. Ka ɗauka a Dawanau akwai 'yan kasuwa goma da suka haɗa kuɗi suka kama sito ɗaya mai cin buhu dubu. Kowannensu ya rubuta a littafinsa cewa yana da wurin buhu dubu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma dillalin da ya tattara littattafan goma ya haɗa zai ce akwai wurin buhu dubu goma, ya karɓi kayan mutane a kan haka, sai motoci sun iso a ga ƙofa ɗaya ce. Haka ya riƙa faruwa da sabar da ke amfani da ma'ajiya ta tarayya, wato wurin ajiya ɗaya da sabar da yawa ke amfani da shi, irin Ceph ko NFS. Kowace sabar ta duba ta ga terabait 100, ta rubuta a layinta. Sabar goma, rumbu ya nuna terabait 1,000. Ba lissafin ne ya kuskure ba, wurin da aka tanadar wa lambar ne ba daidai ba, domin jadawalin bai san akwai dukiyar da ba ta sabar ɗaya ba.

Da sababbin nau'o'in kayan aiki suka fara shigowa, sai aka ƙara wani salon. Katunan PCI da ake soka wa injin don ƙarin aiki, yadda aka rarraba RAM tsakanin furosesoshi a cikin injin ɗaya, da makamantansu, duk ba su da gurbin kansu. Maimakon a sake zanen, sai aka riƙa dunƙule bayanin a rubutun JSON, wani salon jera bayanai cikin rubutu guda, a cusa a gurbi guda, irin su numa_topology da pci_stats. Rumbu ba ya iya tace irin wannan dunƙulen cikin sauƙi, don haka dole mai rabo ya kwaso layin kowace sabar zuwa cikin manhajar Python, ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ya bi su da matatai, sannan ya auna waɗanda suka rage. Aikin da MySQL, manhajar rumbun kanta, zai gama da tambaya ɗaya ya koma aikin jigila.

A nan sai an yi adalci, domin akwai masu ɗaukar cewa duk dunƙulen JSON zunubi ne, kuma duk abin da aka rarraba zuwa jadawalai tsarki ne. Tarihin Nova bai goyi bayansu ba. Da can akwai jadawali mai suna compute_node_stats, inda kowace ƙididdiga ke da layinta. Bisa ƙa'idar da Edgar Codd na IBM ya shimfiɗa tun 1970, wannan ya fi kama da tsari. Amma haɗa shi da jadawalin sabar a duk lokacin rabo ya yi nauyi, ga layuka suna ta taruwa. A fitowar Icehouse ta 2014 aka rushe shi, aka mayar da ƙididdigar dunƙule guda a cikin compute_nodes, kuma hakan gyara ne na gaske. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne: shin za a tace da wannan bayanin, ko a ƙirga shi, ko mutum biyu su yi rububinsa a lokaci ɗaya? In eh, ya cancanci gurbinsa da dokokinsa. In kuwa karanta shi kawai ake yi gaba ɗaya a ajiye, dunƙule ba laifi ba ne.

Gyaran da ya taɓa tushe ya zo da Placement, sabon sashe mai riƙe lissafin dukiya da rabonta, wanda injiniya Jay Pipes na cikin waɗanda suka jagoranci zanensa. Ya fara bayyana a Newton a Oktoban 2016, ya zama dole a Ocata a farkon 2017. Abin burgewa a cikinsa ƙarancin jadawalansa ne. Akwai resource_providers: duk wani abin da ke iya ba da wani abu, ko sabar ce, ko ma'ajiyar tarayya, ko tarin adireshin intanet. Akwai inventories: me kowannensu ke da shi, nau'i-nau'i, kowane nau'i da layinsa. Sai allocations: wane ne ya karɓi nawa, na wane nau'i, daga hannun wa.

A lura da abin da babu a ciki. Babu gurbin da ake rubuta jimlar abin da aka ci. Idan ana son sani, sai a tara layukan allocations. Abin da za a iya rabawa kuma lissafi ne a fili: a debe abin da aka keɓe wa injin kansa daga jimla, a ninka da adadin ƙarin da aka yarda a yi. Sabar mai RAM giga 128, an keɓe 8, an yarda da ninki 1.5, tana iya raba giga 180. Wannan ninki ba sabon abu ba ne, a da Nova ya daɗe yana zuwa da 16 ga furosesa da 1.5 ga RAM, bisa sanin cewa ba duka kwamfutocin haya ke aiki da ƙarfinsu a lokaci guda ba. Sabon abin shi ne yanzu lambar tana zaune kusa da dukiyar da ta shafa, ba a warwatse cikin fayilolin saiti ba. Kuma sabon nau'in kaya, ko katin zane ne ko wani abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna, ba ya buƙatar sabon gurbi. Sabon layi ya wadatar.

Matsalar rububi kuma an tare ta da lamba ɗaya tak, mai suna generation, a layin kowane mai bayarwa. Duk wanda zai rubuta rabo sai ya zo da lambar da ya gani lokacin da ya karanta. In wani ya riga shi, lambar ta motsa, rubutunsa ya faɗi nan take, ya sake karantawa. Babu kulle jadawali, babu jira. Daga Pike a 2017, mai rabo da kansa yake kama wurin a Placement kafin ya tura aikin ga sabar, saboda haka karon da a da sai an je can ƙasa ake gano shi, yanzu a bakin ƙofa ake gama shi. Kubernetes, wani tsarin raba aiki ga sabar wanda Google ya saki a 2014, da irin wannan dabara yake tafiya a kan ma'ajiyarsa ta etcd, inda kowane abu ke ɗauke da lambar sigarsa. Da tacewar farko ta koma cikin rumbu, tsofaffin matatan RAM da furosesa da faifai suka rasa aikin yi, aka cire su a Train a 2019. Wannan ce alamar da na fi yarda da ita cewa gyaran tsari ya yi kyau: yawan rubutun manhaja ya ragu.

Kada a ɗauka an sha romon nan kyauta. Da Placement ya koma sashe mai cin gashin kansa da rumbunsa daban a Stein a 2019, gaskiya ta rabu gida biyu. Nova ya san kwamfutocin da ke raye, Placement ya san rabon da aka yi, kuma babu igiyar rumbu da ta ɗaure su. Idan aikin ƙaura daga sabar zuwa sabar ya katse a tsakiya, ana iya barin rabo maraya, wuri a kame alhali babu mai shi. Sai da aka rubuta umarni na musamman mai suna audit don farautar irin waɗannan. Ita ma ma'ajiyar tarayya, jadawalan sun iya bayyana ta tun da wuri, amma sauran sassan Nova sun ɗauki shekaru suna jan ƙafa wajen bin sabon zanen. Wanda ke da sabar biyar a wani bene a titin Zoo ba shi da dalilin kwaikwayon wannan rabuwa. Ya ɗauki siffar jadawalan uku, ya bar su a rumbu ɗaya, ya ɗaure su da igiyar alaƙa, ta yadda share kwamfuta da sakin rabonta za su faru a numfashi guda ko kuma duka su fasa.

Akwai wani datti da ba a cika magana a kai ba, shi ne sharewar ƙarya. A rumbun Nova na asali, idan aka share kwamfuta layinta ba ya tafiya, alama kawai ake sa masa a gurbin deleted. Hujjar tana da kyau: ana son tarihi don lissafin kuɗi da bincike. Amma kowace tambaya sai ta tuna ta tsallake matattu, jadawalai suna kumbura, kuma dokar hana maimaita suna ta rikice, har sai da aka koma rubuta lambar layin a gurbin maimakon eh ko a'a don dokar ta yi aiki. Daga nan aka ƙirƙiro jadawalan inuwa da umarnin archive_deleted_rows don kwashe matattun zuwa can. Da aka zo gina sabon rumbun da ke saman sassan Nova, sai aka ƙi ɗaukar wannan al'ada gaba ɗaya. A wurinmu akwai ƙarin dalili: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a share bayanansa, kuma layin da aka ɓoye da alama ba a share shi ba. Tarihin kuɗi ya tafi jadawalinsa na dabam, mai ɗauke da abin da lissafi ke buƙata kaɗai.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya da gaske. Zana tsari mai kyau a farar takarda, ɗalibin aji uku a Jami'ar Bayero zai iya. Sauya tsarin da mutane ke kai, ba tare da an kashe masu aiki ba, shi ne gwajin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma fa a nan kayan suna kan tafiya ake gyaran.

Gajimare ba ya sabuntuwa a dare ɗaya. Za a sabunta sassan tsakiya yau, sabar kuma a bi su ɗaya-ɗaya cikin kwanaki, don haka na wani lokaci tsohuwar manhaja da sabuwa suna cin abinci a kwano ɗaya. Idan ka goge gurbi yau, tsohuwar da ba a kai gare ta ba za ta neme shi ta faɗi. Wannan ne ya sa service_id ya daɗe a wurinsa bayan an kwance igiyarsa. Tsarin da Nova ya runguma tun wajen Kilo shi ne a faɗaɗa tukuna, a tsuke daga baya. Da farko a ƙara sabon gurbi ko jadawali, kada a taɓa tsohon. Sabuwar manhaja ta riƙa rubutu a sabon wuri, ta iya karatu daga duka biyun. Sannan a kwashe tsofaffin bayanai kaɗan-kaɗan yayin da komai ke gudana, da umarnin online_data_migrations. A fitowa ta gaba a sa shinge: sabuntawa ba za ta wuce ba muddin akwai layi ko ɗaya da bai ƙaura ba. Sai bayan duk wannan a goge tsohon. Da yake OpenStack duk wata shida yake fitowa, goge gurbi ɗaya kan iya cin shekara ko fiye. Abin da ya sauƙaƙa masu shi ne tun Grizzly a 2013 an sa wani ɗan tsakiya, nova-conductor, tsakanin sabar da rumbu, shi ke fassara bayanai zuwa sigar da kowace sabar ke ganewa.

An kuma hana haɗa sauya siffar jadawali da kwashe bayanai a mataki ɗaya, kuma wannan doka ta fi shafar mu fiye da waɗanda suka kafa ta. Umarni guda da zai sake rubuta layi miliyan zai riƙe jadawalin na tsawon lokaci. A MySQL ma sauya siffar jadawali ba ya shiga cikin ma'amalar da ake iya janyewa gaba ɗaya, ba kamar takwaransa PostgreSQL ba, don haka rubutun ƙaura mai matakai biyar zai iya tsayawa a na uku ya bar rumbun a tsaka-mai-wuya. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, janareta ya yi tari kafin ya kama, batirin inbata kuma ya tsufa, wannan ba hasashe ba ne. Kwashewar da ta dace da Kano ita ce wadda ke ɗaukar layi hamsin ko ɗari, ta kammala su, ta sa masu alama, sannan ta ɗauki na gaba. In ta mutu a tsakiya a sake kunna ta, ta duba alamar ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma in ta bi ta kan layi ɗaya sau biyu kada ta ninka masa rabo. Kafin a fara, a ɗauki kwafin rumbun, a mayar da shi a wata na'ura dabam a tabbatar yana buɗewa, a gwada ƙaurar a kansa, a cire filogin da gangan ana tsakiyar aiki a ga abin da zai faru.